Ƙofar da Na Buɗe a Son-Kul

Rana ta kusa faɗuwa Inna ta aike ni in ɗauko mikiya.

Tana tsaye a ƙofar bukkarmu ta ulu, ta naɗe hannun rigarta. Daga ciki ina jin nishin Merim, matar yayana Kubanic. Naƙuda ce ta zo mata kafin lokaci, ga mu can saman duwatsu, a makiyayar bakin tafkin Son-Kul inda muke hawa da dabbobi duk lokacin zafi. Tun azahar Kubanic ya ɗauki mota ya gangara garin Kockor neman ma'aikaciyar jinya, hanyar kuwa ba ta mai sauri ba ce.

"Ernis, hau doki ka je wurin ubanka. Ka ce ya ba ka mikiya yanzu-yanzu."

"Inna, baƙi masu yawon buɗe ido fa yake yi wa wasa da ita."

"Baƙin su kalli junansu."

"Likita Merim ke buƙata, ba tsuntsu ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka taho mana da likitan ne a aljihu daga Masko? Wuce ka ba ni wuri."

A gidanmu mace ba ta haihuwa sai da mikiya a bakin ƙofa. Saboda albarsti ake yi, aljanar da ke bin masu naƙuda. Tana zare huhun mace ta nufi rafi da shi, in ta tsoma shi a ruwa to sai dai a haƙa kabari. Abu biyu take tsoro, ƙarfe da idon mikiya. Ina yaro na yarda da wannan har cikin ƙashina. Shekarun da na yi a Masko ina kai wa mutane abinci a kan keke su suka goge min shi. Na dawo gida ne ma da ƙafa ɗaya a waje, kullum zancena takardar tafiya Koriya.

Ina ɗaura sirdi na ji muryar Merim ta jikin bukka.

"Sarkin Yawo, kana nan?"

Matar gida ba ta kama sunan ƙanin mijinta. Tun ranar da aka kawo ta ta laƙa min wannan, ita kaɗai ke kirana da shi.

"Ina nan, matarmu."

"Ka je ka dawo. Kar in ji ka zarce Koriya daga can."

Ta so ta yi dariya, ciwo ya katse ta.

Tsakanin bukkokinmu da na baƙi akwai shingen waya, daga gindin dutse har bakin tafki. Kubanic ne ya kafa shi don kada dawakinmu su riƙa tattake wa masu yawon buɗe ido igiyoyin tanti. Ƙofa ɗaya gare shi, ta ƙarfe, mai ƙugiya. Bayanta da ɗan taku sai rafin da ke gangarowa daga ƙanƙara. Na buɗe, na wuce, na mayar na rufe, na tsallaka ruwan.

Na tarar da Baba a tsakiyar baƙi, ya sa farar hularsa ta biki. Wasu na kurɓar nonon goɗiya suna yatsine fuska suna cewa da daɗi. Wani ƙaton Bature ya zura hannu a safar fata, mikiya na kan hannun, matarsa na ɗaukar hoto, shi kuma yana murmushin wanda ke son a zo a cece shi.

Na raɗa wa Baba a kunne.

Ya nufi Baturen. Ya karɓe tsuntsuwar, ya zare safar daga hannun mutumin kamar mai zare takalmin yaro.

"Tun yaushe?"

"Tun azahar."

"Tun azahar, shi ne sai yanzu? Miƙo hannu." Ya zura min safar a dama, ya ɗora min mikiya, ya ja igiyar hular fatar da ke rufe mata ido. Nauyinta ya saukar min da kafaɗa. "Ka manta yadda ake riƙe ta ko? Ɗaga gwiwar hannun, ba kwalin abinci ba ne. Kar ka cire mata hula sai a bakin ƙofa. Zan biyo ka a ƙasa, gwiwata ba ta son sirdi yau."

Matar Baturen ta tare ni da Turanci, wai ta ji haihuwa ake yi, ko za a bar ta ta zo ta ga yadda muke al'adarmu? Na ce a'a. Ba yau suka fara ba. Sun sha leƙo mana bukka muna cin abinci.

Ko da na juyo, rana ta faɗa bayan dutse. Tafkin ya yi launin toka. Sanyi ya sauko lokaci guda, irin na Son-Kul, mai shiga ta haƙori. Ba na jin komai sai ƙarar fatar sirdi da ƙaramar ƙararrawar da ke ƙafar mikiya.

Na tsallaka rafi. Daga nan na hango mutum tsaye a bayan ƙofar waya, ta ɓangaren gidanmu.

Mace ce, doguwa. Gashinta launin busasshiyar ciyawa, a sake, ya rufe mata kafaɗu. Ta rungume wani abu a ƙirji cikin tsumma.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga wata ta riga ta je ta leƙo, har an ba ta tsarabar gurasa. A watannin nan na ga masu irin wannan gashin sun fi a ƙirga, suna yawo su kaɗai da magariba wai suna neman hoto.

Doki ya toge. Na zungure shi, ya ja da baya yana huci. Dole na sauka, mikiya a dama, linzami a hagu. Ƙafata na taɓa ƙasa ya fizge, ya bi gefen rafi a guje.

Na zage shi, na juyo wurin baƙuwa. Na gaishe ta da Turanci, na ce sansaninku na can gaba, ɗaga ƙugiyar kawai za ki yi.

Ba ta motsa ba. Hannunta bai kusanci ƙarfen ba.

"Buɗe min," ta ce, ƙasa-ƙasa.

Da harshenmu ta faɗa. Na ɗauka irin waɗanda ke haddace kalma biyu-uku ne don su burge mu. Har na yi murmushi. Aikin Masko ya koya min riƙe wa mutane ƙofa.

Na ɗaga ƙugiyar. Na ja ƙofar, na matsa gefe.

Ta wuce ta gabana a karkace, tana kaffa-kaffa da ƙarfen, ta kau da fuska daga tsuntsuwar.

Wari ya biyo ta. Warin jiƙaƙƙen ulu, da na cikin rago in an farke shi da ɗumi.

Na dubi ƙasa. Ba takalmi a ƙafarta. Gashin bai tsaya a kafaɗa ba, yana jan ciyawa a bayanta.

Mikiya ta damƙe ni. Farcenta ya huda safar har naman hannuna. Ba ta gani, amma gashin wuyanta duk ya miƙe.

Sai na ji numfashi.

Ba nawa ba ne. Ba na matar ba ne, bayanta ko motsi ba ya yi. A hankali yake fita, da ɗan fito a ƙarshe. Tsumman da ke ƙirjinta yana kumbura yana sacewa.

Tsumman ma na san shi. Ɗankwalin Merim ne, shuɗi mai fararen furanni.

"Sarkin… Yawo…"

Daga cikin ɗankwalin ya fito.

Na buɗe baki in yi salati, harshena ya ƙi.

Tana tafiya ba gaggawa. Rafi na gabanta, ina jin ruwan na dukan duwatsu.

Na kai hannun hagu ga igiyar hular. Yatsuna sun ƙage da sanyi. Na sunkuya na kama ɗaya igiyar da haƙori, kamar yadda na ga Baba na yi tun ina ƙarami. Na ja. Ta ƙi. Na sake ja har na ji gishirin jini a baki.

Hula ta faɗi.

Mikiya ta juyo ta dube ni. Ba ta san ni ba. Baƙo nake a wurinta, kamar wancan Baturen.

"Can," na ce. "Don Allah, can."

Matar ta durƙusa a bakin ruwa.

Ta fara kwance ɗankwalin.

Na wurga hannuna gaba da duk ƙarfina, na kurma ihun da Baba ke yi in ya ga dila.

Fiffike ya mare ni a fuska. Hannuna ya koma ba nauyi.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta mutum ba ce. Ta yi kama da ta dila a tarko, amma doguwa, ba ta yankewa don a ja iska. Na ga gashi da fiffike sun cuɗe a kan tsakuwa. Na ga ƙullin ya suɓuce, yana gangarawa.

Na faɗa a kansa da ƙirji.

Gefe ɗaya ya riga ya taɓa ruwa.

Na tura shi cikin rigata. Da ɗumi. Yana motsi a jikin fatata, yana cika yana raguwa, kamar na rungumi ɗan tsako.

Na ruga. Na shige ƙofar, na banko ta, na sa ƙugiya.

Ko da na ɗago, tana nan. Fuskarta dab da wayar. Gashin ya rabu biyu. Fuskar tsohuwa ce tukuf, jini na bin goshinta, idanunta farare kamar na dafaffen kifi.

"Ɗan Toktosun," ta ce, da sunan ubana, a tausashe. "Sake buɗe min. Kai yaro ne mai ladabi."

Ban san lokacin da na juya ba.

Ina gudu ina jin ta tana bin shingen, ta yi hagu ta yi dama, tana neman inda waya ta yanke. Ƙullin na raunana a ƙirjina. Tsakanin numfashi da numfashi sai ƙara tsawo yake.

"Matarmu, riƙe," nake ta faɗa. "Ga gida nan. Riƙe."

Daga nesa na ji kukan jariri. A bayansa na ji wani kukan, na Inna, irin wanda ake yi in an fid da rai.

Iya Burul, tsohuwar da ke karɓar haihuwa a makiyayar, ita ta tare ni a ƙofa. Ta dubi hannuna ba mikiya. Ta dubi gaban rigata da ke motsi. Ta miƙo hannu biyu, na ba ta. Ta shafa gefen da ya jiƙe, ta runtse ido, ta shige ta saki labulen ulu.

Na zauna a ƙasa. Kukan Inna ya tsaya.

Shiru.

Can sai tari. Tari mai ƙarfi, kamar na wanda aka tsamo daga rijiya.

Baba ya iso bayan duhu ya rufa, yana ɗingishi, da mikiyar a naɗe cikin babbar rigarsa. A bakin rafi ya tsince ta, wuyanta a karye, farcenta cike da dogon gashi. Bai ga kowa ba. Washegari ya hau dutse ya binne ta shi kaɗai, ya kuma aika wa baƙi cewa wasa ya ƙare.

Ma'aikaciyar jinyar da Kubanic ya kawo ta ce jini ne ya zuba da yawa, Allah ne ya yi da sauran kwana. Daga baya a asibiti aka ce akwai ɗan ruwa a huhun Merim na dama, aka zuƙe, ya dawo, aka sake zuƙewa, ya sake dawowa. Ba ta ƙara hawa Son-Kul ba, iskar can ta yi mata kaɗan. Tana ƙauye da 'yarta. In ta yi dariya sai ta dafe haƙarƙari ta ce min, "Sarkin Yawo, nan wurin har yau sanyi yake."

Takardar Koriya ta fito da kaka. Tana nan inda na ajiye ta.

Watan jiya Inna ta kira ni bayan ɗaki ta faɗa min Merim na da ciki. Baba ba ya iya hawan dutse kuma. Yanzu kullum da asuba ni ke fita da igiya da raga, ina bin gindin tsaunuka ina ɗaga kai. Horon mikiya na cin watanni, ni kuma ko kamawa ban yi ba tukuna.