Garke a Kan Murjani

Magariba ta kawo jiki a unguwar Gangaren Tudu da ke Keffi, kaji sun fara neman makwanci, lokacin da Ruben ya ce wa 'yarsa Zipora ta ɗebo masa ruwan randa a babbar roba.

Ruben mutumin Panda ne, yana aiki a Abuja, shi ke kula da akwatunan kifi na gilashi a manyan otal-otal. Aikin ya shiga ransa har ya kafa nasa a falo, na ruwan gishiri, da fitila shuɗiya da injin da ke gurnani ba dare ba rana. A ciki akwai wani dutse da aka kawo masa daga teku, murjani mai rai ya tsiro a kansa reshe-reshe. Matarsa Paulina takan ce da murjanin nan yana cin tuwo, da shi za a fara zuba wa. Kuma ba sharri ta yi masa ba.

To, sai ga wasu tsutsotsi sun addabi murjanin. Falan-falan ne, ja-ja kamar tsatsa, ba su fi ƙwayar riɗi ba, amma sun lulluɓe rassan, sun tare musu haske har sun fara koɗewa. Ya tsotse su da siririn tiyo, kashegari suka dawo fiye da da. Sai ya koma ga dabarar wurin aiki: a tsoma dutsen cikin ruwan daɗi na ɗan lokaci, a girgiza, don abin teku ba ya jure ruwan da babu gishiri. Zipora ta riƙe robar, shi ya tsoma ɓangare guda. Tsutsotsin suka riƙa zubowa matattu, ruwan ya koma rawaya yana ƙarni. Bai kai ga ɗaya ɓangaren ba sai jifa ta sauka a kan kwanon ɗakin.

Paulina ta fita da faɗa, ta ɗauka yaran unguwa ne. Babu kowa. Ta tsinci dutsen da aka jefo, ta ji shi a jiƙe sharkaf, gishiri na kama mata yatsu. A Keffi fa, inda ruwanmu bai wuce na rafin Antau ba!

Da aka zauna cin abinci Zipora ta kai kofi baki, sai ta ƙwalla ƙara ta yi wurgi da shi, ta ce wuta ce. Tun daga nan ko ɗigo bai sake wuce maƙogwaronta ba. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa. A asibiti ba a ga komai ba. Ƙarin ruwa kawai jikinta ya karɓa, nas kuwa ta ce ai shi ma da gishiri a ciki. Matan coci suka zo suka yi addu'a har muryoyinsu suka dishe. Amma da rana ta faɗi jifar takan dawo, yarinyar ta ja jiki zuwa gaban akwatin, tana wani kira ƙasa-ƙasa irin na masu kiwo. Tsoro ya cika gidan, har injin ma aka ji kamar ya rage murya.

Paulina ce ta je da ƙafarta ta kira maƙwabcinsu Malam Latif, dattijon Bayarabe mai ilimi, wanda ya tashi a bakin teku kafin ya zauna a Keffi. Ya shigo bayan sallar magariba, ya dubi akwatin ya daɗe, sannan ya zauna ya fara karatu a hankali. Can yarinyar ta miƙe zaune, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ina garkena?"

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Makiyayiya ce ni. A kan dutsen nan nake kiwo tun ba a haifi kakanku ba. An ɗauko ni, ban ce komai ba. An kulle ni a gilashi, na haƙura. Sai mutumin nan ya ƙone min dabbobi da wuta."

Ruben ya ce, "Wace wuta? Wallahi ruwan daɗi ne kawai!"

Ta yi wata dariya da ta sa Paulina toshe kunne. "Daɗi? Daɗi ga wa? To, tunda daɗi ne, 'yarka na jin irin daɗin da suka ji. Zan tafi da ita ta taya ni kiwon sauran."

Ruben ya zube a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ba ki isa ba," in ji Malam. "Roba kawai yarinyar ta riƙe. Faɗi abin da zai yiwu, ko in ci gaba da karatu."



"Gida," ta ce. "Ya mayar da ni, da dutsena da sauran garkena, da hannunsa. Zan fita yanzu, amma maƙogwaronta na hannuna sai na ji teku. In sun mutu a hanya, ba zan sake shi ba."

Zipora ta yi atishawa ta faɗi. Ruwan akwatin ya kaɗa shi kaɗai.

Da safe Ruben ya shiga motar Legas da bokiti a kan cinya, murjanin da ya yi shekaru yana reno na ciki. Allah sarki! Mutumin da ya tsani tsutsotsin nan, yau shi ke kare su daga rana da rigarsa, yana ɗaga murfi kowane lokaci ya ga ko suna motsi. Fasinjoji suka yi ta masa dariya, ko ɗaga kai bai yi ba. Duk tsawon hanyar bai iya kurɓar ruwa ba, don da ya ɗaga gora sai ya ga leɓɓan 'yarsa.

Ya isa bakin teku rana na shirin faɗuwa. Ya shiga da wandonsa har gwiwa, ya ajiye dutsen a hankali, igiyar ruwa ta rufe shi. Yana tsaye da bokiti wayam wayarsa ta yi ƙara. Paulina ce, kuka ya hana ta magana.

"Maman Zipora, don Allah yi magana!"

"Ta sha, Baban Zipora," ta ce. "Ta shanye moɗa, wai a ƙaro mata."