Karar da Nafi'u Ya Yi wa Anisa

“Ka karanta takardar neman burs ɗin da na turo maka kuwa, Nafi'u?”

Anisa ta juyo masa da wayar a zauren gidansu da ke Filingue. Saƙon gajere ne: ba a ba ta burs ɗin, wato tallafin karatu a waje, ba, Ingilishinta bai kai ba.

Shi dai ya kafe ƙasa da ido.

A darasin Ingilishi na intanet suka haɗu. Duka biyun digirin master suke yi a Yamai, da Faransanci suka tashi, ga shi masu ba da burs sai da Ingilishi. Tsarin darasin shi ne kowa a haɗa shi da abokin gyara. Sai ta faɗa hannun Nafi'u, ɗan Bonkoukou, wanda ba ya barin layi ɗaya bai ja masa jan alƙalami ba.

Ta yi ta jin haushinsa, har haushin ya koma so.

Tun da magabatansa suka zo gaisuwa, gyara ya ƙare. Duk abin da ta tura, sai ya ce ya yi kyau. Ita kuwa, da yake yabon masoyi zuma ne, ta sha ba ta tambaya ba.

“Na karanta, masoyiyata...”

“Ka ga kurakuran?”

“Na gane su.”

“To mi ya hana ka hwaɗi?!”

“Haba Anisa! Wa ka jan layi bisa aikin matar da zai aure? Kara ni yi miki.”

Ta dube shi. Ta san kara, a cikinta aka raine ta. Amma ta san Jamila, ɗiyar kawunsa, ta daɗe tana zuga uwarsa cewa mai tafiya waje karatu ba ta dawowa ɗakin kowa.

“Kara ce, ko dai Inna ta ce in na tahi babu aure?”



“Ina sonki ne,” ya ce daga baya. “Ban so ki tahi ba.”

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta yi kuka ba. A gabansa ta buɗe shafin darasin, ta nemi a canza mata abokin gyara.

“Maganarmu hwa?”

“Ka gaida Inna.”

Aka haɗa ta da wata dattijuwar malama daga Gana, mace marar sassauci. Anisa ta shekara tana bin rezo, wato sabis ɗin waya, daga ɗaki zuwa bakin katanga, tana sake rubutu. Da aka sake buɗe nema, ta samu.

Ran da za ta tafi, a tasha ta ji cewa an ɗaura auren Nafi'u da Jamila.

Ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ta shiga mota. Har yanzu tana sonsa, kuma ta san da haka za ta tafi.