Katakon Tsohuwar Rumfa

Ana gab da magariba, Oumaima na sauke tukunya, dutsen farko ya faɗo kan rufin gidansu a garin Pleasant Garden da ke Amurka. Mijinta Laouali ya leƙa waje. Babu kowa. Na biyu a tsakar falo ya sauka, alhali tagogi duk a rufe suke.

Laouali ne mai yankan ciyawa a filin wata ƙungiyar ƙwallon zari-ruga. A shekarar 1996 ƙungiyar ta rushe tsohuwar rumfar 'yan kallo ta katako don ta zuba ta siminti, kuma shi ya fara ɗora mata guduma. Da a garinsu Maradi ne, ba zai taɓa tsohon gini ba sai ya yi sallama, ya ba mazauna ɓoye wa'adin tashi. Amma a ganinsa, me aljani zai zo yi Amurka? Ya kwaso katakon, ya haɗa wa 'yarsu tilo, Salima, gado. Da ragowar ya gasa naman layya.

Bayan jifa sai yarinyar ta daina ci. Rana na yin ja, za ta zauna bisa gadon tana gurnani da muryar tsoho. Asibiti suka ce lafiyarta lau. Abin tausayi, uban da ya yi gadon don ya faranta mata, ko ƙofar ɗakin ba ya iya tsayawa.

Aka ɗauko Malam Ubale daga unguwar Wendover. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Salima ya buɗe.

"Tun nan yana daji nake cikin itacen," in ji muryar. "Aka sare shi aka yi rumbun taba, na bi shi. Aka mai da gonar fili, aka yi rumfa da katakon rumbun, na bi shi. Ihun 'yan kallo duk Asabar na jure. Ban taɓa kowa ba."

"To me yarinya ta yi maka?" Malam ya tambaya.

"Katakon da ubanta ya ƙona, ɗana na barci a ciki."

Laouali ya zube ƙasa. "Wallahi ban sani ba."

"Ka san al'ada. Sallama ce ka hana ni."

Malam ya ce za a mai da gadon a binne a gefen filin, aljanin kuma ya fita ya bar yarinyar da ranta da hankalinta.

"Na yarda. Amma uban zai ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

Salima ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Da ta farfaɗo ta rungume uwarta, ta gaishe da Malam, har ta ce yunwa take ji. Laouali ya matso yana hawaye, ya miƙa mata hannu.

Ta ja baya, ta laɓe a bayan uwarta.

"Mama, wane ne wannan mutumin?"