Gatari a Ƙofar Ruzena

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Hulda Renke ta naɗe tsohon gatarin mijinta a buhun masara, ta rungume shi a ƙirji, ta sulale ta ƙofar baya. Ta ce wa Emil, mijin nata, za ta nemo saniyar da ta ƙi dawowa. Saniyar kuwa tana garke tana tuƙa abinta, kuma Hulda ta fi kowa sani.

Gidan Kolar ta nufa, can ƙarshen garin Marlow Bend, inda layin dogo ya ratsa gonakin masara kusa da tankin da jirage ke shan ruwa. Ba wata tafiya ba ce, amma rabon ƙafarta da hanyar tun bara.

Bara ne aka wayi gari aka tarar da iyalin Tolliver a kan gadajensu, miji da mata da 'ya'ya, an kashe su da ƙeyar gatarinsu na faskare. An rufe musu fuska da tufafinsu, an lulluɓe madubin ɗaki da rigar matar gidan, an bar fitila tana ci a ƙasa babu gilashi a kanta. Ko cokali ba a ɗauka ba. Kafin rana ta take tsaka gari ya samo mai laifi, don mutanen garinmu ba sa iya kwana da tambaya. Anton Kolar baƙo ne daga ƙasar Bohemiya, Turancinsa a karye yake, kuma an taɓa jin sa yana cacar baki da Tolliver a kan shinge. Shi ke nan fa. Aka tasa ƙeyarsa zuwa kurkukun gunduma, aka haɗa da gatarinsa wai shaida, alhali wanda aka yi ta'asar da shi yana nan jingine a ɗakin mamatan. Tun daga ranar, gatari bai sake kwana a waje ba a garin. Kafin a kira yara su shigo, shi ake fara shigarwa.

Aka bar matar Anton, Ruzena, da yara biyu. Ba wanda ya zage ta, ai mutanen Marlow Bend masu zuwa coci ne, ba su san zagi ba. Bencin da ta zauna a coci ne kawai yake zama wayam. Mai kanti ya ce mata gatura sun ƙare, ga su nan rataye a bayansa. Da totuwar masara da ƙiraren da take karyawa a gwiwa ta ɗumama 'ya'yanta duk hunturun, har ƙaramin ya kama tarin da bai sake shi ba har yau. Hulda ta san wannan duka. Ruzena ce ta karɓi haihuwarta ta fari, ranar da dusar ƙanƙara ta hana likita isowa. Amma da suka yi kiciɓis a ƙofar kanti, sai Hulda ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Sai ga jaridar birni ta zo da wata magana a makon nan. Emil ya karanta ta da ƙarfi suna cin abinci. An yi irin wannan kisa a Colorado, an yi a Illinois, an yi a wasu garuruwan da Anton bai taɓa jin sunansu ba. Duk gidajen a bakin layin dogo suke, duk an rufe madubi, duk da gatarin masu gidan aka yi. Masu bincike suka ce mutum ɗaya ne, yana bin jiragen kaya, ya sauka inda jirgi ya rage gudu, ya yi abin da ya kawo shi, ya hau na gaba. Wani ma ya ce ya bi diddigin abin har zuwa shekarun da aka fara shimfiɗa dogo, shi ya sa tsofaffin da ke zaman kanti suka ce in dai haka ne to ba mutum ba ne, don mutum yana tsufa hannunsa ya gaji.

"Wato mutum ɗaya ne ya zagaye Amurka haka?" in ji Emil yana ninke jaridar. "Ai sai a ba shi aikin gidan waya, ya fi su sauri."

Ya yi dariya shi kaɗai. Amma bai cinye naman da ke gabansa ba, kuma har aka kwashe kwanuka ba su haɗa ido ba. Kunya ce ta hana Hulda barci a kwanakin, ga sanyi ya fara leƙowa, ga wani hunturun a ƙofa.

Duk hanya tana shirya maganar da za ta yi. Za ta ƙwanƙwasa, ta ce Ruzena ni ce, ta ce mun zalunce ki. Da ta iso shingen gidan ta ga siririn hayaƙi yana fita, ta ji tarin yaron daga ciki, busasshe, mai tsaga ƙirji, sai maganar ta watse mata. Can kan titi kuma ga keken dokin Misis Haskell yana wucewa, matar da in ta ga abu da yamma, kafin safe kajin gari ma sun ji. Hulda ta laɓe a bayan rumfa har ƙarar ƙafafun dokin ta yi nisa. Sannan ta zaro gatarin daga buhu, ta jingina shi a kututturen faskare inda za a gan shi da safe, ta yar da buhun, ta juya da sauri kamar ɓarauniya.

Ba ta yi nisa ba sai ta ji jirgi.

Na kaya ne, dogo, yana tafe yana huci. Ya rage gudu a daidai tanki, ƙarafuna suka yi ta kuka suna gugar juna, tururi ya tashi fari a cikin almuru. Tana kallo wani abu ya diro daga tsakanin tarago biyu. Bai yi tuntuɓe ba, bai kakkaɓe jiki ba. Ya tsaya cik, kansa yana juyawa a hankali, kamar kare yana shinshinar iska.

A nan ne abin ya faɗo mata. Shekara guda gidan Kolar ba shi da gatari, shi kaɗai a duk bakin layin ba abin da zai jawo masa ido. Ita ce yanzu ta kai ta ajiye, a waje, da magariba, don kawai ba za ta iya kallon fuskar mace 'yar'uwarta ba.

Ta dubi hanyar gida. Ta dubi baya. Ta tattare riga ta koma da gudu.

Gyare sun yi shiru. Kwaɗin rafi ma sun yi shiru. Ba abin da take ji sai numfashinta da busassun ganyayen masara suna karce mata hannu. Ta fi shi kusa da gidan nesa ba kusa ba, ta tabbata da haka.

Amma da ta tsallaka shinge, yana tsaye a wurin.

Gajere ne, cikin tsohuwar kwat mai datti, hula ta sauko masa har ido. Buhun da ta yar yana hannunsa. Ya taka zuwa gangar da ke tarar ruwan sama a gindin indararo, ya kawar da kai gefe, ya shimfiɗa buhun a kan ruwan, ya gyara gefunansa tsaf, yadda ake lulluɓe yaro mai barci. Tsakuwa ce a ƙasan, amma takunsa ba ya ƙara.

Warin ya iso ta. Gawayin jirgi, da jiƙaƙƙen ulu, da wani abu a ƙarƙashinsu, irin warin bayan rumfa ranar da aka yanka alade.

Ya dawo wajen kututturen. Ya ɗora yatsunsa a kan ƙotar gatarin, bai ɗaga ba.

"Uwargida," ya ce.

Muryar a ƙasa take, cike da ladabi, irin ta matafiyan da ke zuwa ƙofar baya su nemi faskare a ba su abinci. Ta ga fuskar, ta tabbata ta gani, amma idonta ya kasa riƙe ta. Duk wanda ta taɓa miƙa wa burodi a ƙofa, ya yi kama da shi.

"Gatarin nan, na gidan nan ne?"



Ya juya kai a hankali, ya tsallake gonaki da ido, ya tsallake rufin coci, ya tsaya a kan wata taga guda da aka kunna wa fitila yanzun nan. Tagar ɗakin girkinta ce. A daidai wannan lokaci Emil yake wanke wa yara ƙafa.

"Ko na can ne?"

Tari ya tashi daga cikin gidan Kolar. Hulda ta ji shi sarai.

"Na nan ne," ta ce. "Nasu ne."

Ba wanda ya matsa mata baki. Da muryarta ta faɗa, kuma ba a hankali ba.

Yatsun suka naɗe ƙotar.

"Ƙarya take yi."

Daga bayan ƙofa maganar ta fito, da karyayyen Turancin da garin ya saba kwaikwaya yana dariya. Ruzena ce.

"Gidan nan ba gatari, kowa a garin nan ya sani. Ba ta ba ni ba, ban karɓa ba."

Hular ta juyo wajen Hulda. Warin ya ƙaru.

"Naki ne ke nan."

"Ba nata ba ne," in ji muryar, ba ta ko girgiza ba. "Ina kallo ta taga ta yar da shi ta tafi, ba ta waiwaya ba. Ba shi da gida. Ka tafi."



Can wajen tanki jirgin ya yi kuka.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Sakata ta yi ƙara, hannu ya fito ya damƙi wuyan rigar Hulda ya fizge ta ciki, ƙofa ta rufe. Suka zube a ƙasa cikin duhu, bayansu a jikin katako, yaran biyu a ƙudundune a cinyar uwarsu. Wani abu ya shafi ƙofar daga waje, daga sama har ƙasa, a hankali. Ya koma taga ya shafa. Ya zagaya ta baya.

Sai ƙarafunan jirgi suka ja juna, tarago bayan tarago, ƙarar tana nisa. Gyare ɗaya ya gwada murya, sauran suka amsa masa.

Ruzena ta tashi ta kunna fitila. Ta rame, gashinta ya yi furfurar da ba ta da ita bara. Hulda ta buɗe baki, hawaye na zuba, ta kira sunanta.

"Na ji abin da kika ce, Misis Renke," in ji Ruzena. "Ba sai kin ƙara komai a kai ba. Tashi ki tafi, yaranki na jira."

Da safe Ruzena ta sa manjagara ta tura gatarin har ramin da ke bakin layin dogo, ba ta taɓa shi da hannu ba. Waɗanda suka leƙa daga baya sun ce ƙotar ta yi baƙi a wuri guda, kamar an riƙe ta da hannun wuta. Ba a yi mako ba labari ya zo daga wani gari can gaba a kan layin, wani gida, wani madubi a rufe. Da wannan aka saki Anton Kolar, ya dawo yana tafiya kamar tsoho, yana ce wa kowa na gode.

Sai garin ya tashi da alheri kamar an buga masa ƙararrawa. Aka yi ta kai kek da tsiran alade da amalanken itace, mai kanti da kansa ya kai sabon gatari bai karɓi komai ba. Emil kuwa da ya nemi nasa ya rasa, Hulda ta gaya masa rabin gaskiya, shi kuma ya bi gari da ita yana bugun ƙirji. Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunanta a kan mimbari, ya ce a lokacin da kowa ya juya baya, mace ɗaya ta tuna da maƙwabciyarta. Duk coci suka waiwayo suna murmushi, har Misis Haskell tana share ido. Hulda ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ruzena tana zaune a bencinta, wanda yanzu ya cika har ana matsi.

Ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta ji Hulda ta ce a daren ba, ko mijinta. Hulda ta jira ta faɗa, ta yi ta jira, har abin ya fi ƙarfinta. Wata rana ta tarar da ita a bakin rijiya ita kaɗai, ta roƙe ta don Allah ta tona, a san ko wace ce ake yabo, ko ta samu ta yi numfashi.

Ruzena ta gama jan gugarta, ta juye a bokiti, sannan ta dube ta.

"Ni a gaban kowa na ɗauki tawa kunyar, kuma ba abin da na yi," ta ce. "Ke ki ɗauki taki."

Ta sunkuci bokitinta ta wuce. Hulda ta tsufa a Marlow Bend, kuma har ta mutu, in ana so a ba yara misalin mutuniyar kirki, sunanta ake kira.