Bari Ta Tsane Ni

A ɗakin jira na asibitin dabbobi ya fara ganinta, rungume da kwali, bayan hannunta duk yaƙushi. Shi ne sabon likitan wurin. Kyanwar da ke cikin kwalin ta marigayiya mahaifiyarta ce, ga shi ciwon ƙoda ya kama ta.

"Na niƙa ƙwayar a abinci, ta shinshina ta juya min baya," in ji ta. "Na danna mata a baki, yau ko kallona ba ta yi. Tun rasuwar Umma a ƙafafuna take kwana, likita. Ita kaɗai ta rage min."

Ya naɗe kyanwar da tawul, ya ɗaga kanta, ya jefa ƙwayar can bayan harshe, ya rufe bakin yana shafa maƙogwaronta har ta haɗiye. Ta bi shi da huci.

"Kin gani ko? Duk mai ba ta magani maƙiyinta ne. Gidanku a kan hanyata yake. Bari ta tsane ni, ke ta ci gaba da son ki."

Kullum da yamma sai ga shi a falonsu. Kyanwa ta sha magani, ta ruga cinyar yarinyar tana harararsa. Tun ana gaisawa a tsaye har aka koma hira a zaune. Ta laƙaba masa Mugu, shi kuwa Gimbiya yake ce mata, kuma duk wanda ya ga yadda suke kallon juna ya san zancen ya wuce na ƙwaya.

Abbanta ma ya gani, ransa ya ɓaci.

"Mutumin da ke wuni cikin warin karnuka? Kada ya ƙara tako min gida. Kyanwa ce fa, ba mutum ba."

Maganar nan kuwa abin haushi ce. Abba ya fi kowa sanin kyanwar ta wace ce.

Saƙon likita ya shigo wayarta: "Gimbiya, ba zan saɓa wa Abba ba. Ki naɗe ta sosai, ki jefa can baya. Ina nan, ban je ko'ina ba."

Ta amsa: "Zan gwada, Mugu. Za ta tsane ni."

Ta kuwa tsane ta. Maganin yana shiga, amma da ta ji takun Gimbiya sai ta shige ƙarƙashin gadon Abba. Ta daina kwana a ƙafafunta. Ta rame, tana ƙin ruwa.

Wata safiya Gimbiya ta kwanta rub da ciki a ƙasa, ta miƙa hannu ƙarƙashin gadon.

"Zo mana, 'yar Umma. Wallahi babu magani, hannuna ne kawai."

Kyanwar ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ƙara matsawa jikin bango. A nan ta mutu, Abba yana tsaye yana kallo.

Ya juya ya fita. Bayan kwanaki shi da kansa ya kira likita ya ce ya turo manyansa.

Aka yi biki daidai gwargwado, amarya ta yi kyau, ango baki har kunne. Da za su tafi, suka durƙusa a gaban Abba, ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ki yafe min, uwata."

Ta ce amin ga addu'ar. Ɗaya maganar kuwa ba ta amsa ba, har mijinta ya kama hannunta suka fita.