Hannun Hagun Mero

An kira magariba, Mero tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta. Babu wanda ya yi dariya a bayan katanga. Da ta tsamo abin da ludayi, sai ta ga gutsuren siminti ne, yana warin ruwan rafin Jakara.

Ta san warin nan. Da shi marigayi mijinta, Nata'ala magini, ya riƙa dawowa gida lokacin da ake faɗaɗa gadar da ke kusa da unguwarsu, Koki.

Da can gungumen giginya ne aka gitta a wurin, mutum ya tsallaka da takalmi a hannu. Daga baya aka gina gadar da dutse, aka yi mata manyan kafofi biyu inda ruwa ke bi, da wata 'yar ƙofa can sama a jikin ginshiƙin tsakiya, wadda ko ambaliya ba ta kai mata. Tsofaffi sun ce ba don ruwa aka yi ta ba. Hanyar mutanen ɓoye ce, da ita aka roƙe su suka bar ginin ya tsaya. Da motoci suka yi yawa aka zo ƙara faɗi, sai aka ce wa Nata'ala ya cike ramin nan marar amfani. Ya cike shi da almuru, yana sauri, ko sallama bai yi ba. Kafin damina ta fita numfashi ya gagare shi, ya rasu.

Tun daga ranar miyar nan, kowace magariba sai an yi jifa. Sannan aka fara jin kukan yara can cikin randa, siriri, kamar an rufe su. Sannan aka taɓa Zaituna, 'yar Mero ɗaya tilo. Rana na faɗuwa sai ta fuskanci bango ta yi ta ƙwaƙular sa da farce har jini, ƙirjinta na ƙara irin ta ubanta.

Mero ta tafi Ƙofar Mata ta ɗauko Malam Abdulmalik mai ruƙiyya. Ya zauna ya yi ta karatu tun la'asar. Da inuwa ta cinye tsakar gidan, Zaituna ta juyo, ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito.

"Ka ƙona ni, Malam. Tare za mu ƙone da ita."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ubanta ya liƙe mini ƙofa, 'ya'yana na ciki. Ƙaramin ya mutu yana ƙwaƙular bango. Sauran suna nan suna kuka. Zan shaƙe tasa in ji sanyi."

"Za a buɗe ƙofar," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Buɗewa ba ta dawo da matacce."

Mero, wadda ko a kasuwa ba a taɓa ƙwarar ta ba, ta matso ta durƙusa gaban 'yarta.

"Ke baiwar Allah, ɗa ɗaya kika rasa, kin ɗauke mini miji. Rai ya biya rai. Ki ƙara kuma? Wannan ai cuta ce."

"Mero, ba a ciniki da su!" in ji Malam.

Muryar ta ce, "To a ba ni hannun da ya liƙe. Na dama. Na yarinyar."

Mero ta ce, "Hannun da ya liƙe yana kabari. Yarinya ba ta taɓa riƙe cokalin gini ba. Ni ce na kai masa abinci ranar. Nawa za ki ɗauka."

"Kawo daman."

"Da shi nake ci, da shi nake gaisawa. Hagu. In ba ki so, Malam ya ci gaba da karatu."

Zaituna ta yi wata dariya marar daɗi, ta yi atishawa, ta zube. Numfashinta ya dawo a hankali, kamar na mai barci.

Washegari da hantsi Mero ta ɗauki gudumar mijinta ta sauka ƙarƙashin gadar, motoci na rugugi a kanta. Ta hau tsani, ta yi bismillah, ta yi sallama, ta shiga fasawa. Da simintin ya huje, wata iska mai sanyi ta fito ta bi ta kan hannunta na hagu. Kafin ta sauko hannun ya sandare, ya yi toka-toka, yatsun suka ƙi buɗuwa har yau.

Jifa ya tsaya. Randa ta yi shiru. Zaituna ta yi aure, tana goyon na biyu.

In mata suka ce mata sannu, Mero sai ta janye mayafi ta ɗaga busasshen hannun su gani da kyau.

"Sannun me? Rai ta zo nema, hagu ta tafi da shi."