Amaryar Bola

"Ki shigo mota mu yi magana, Bilkis."

Bilkis ta dubi safar robar da ke hannunta, ta dubi takalmanta da suka yi dumu-dumu da ruɓaɓɓen tumatir. Tun safe take jujin bayan Tumfure ita da 'yan ajinsu suna rarrabe shara, binciken shekarar ƙarshe ne a jami'a.

"Zan ɓata maka kujera, masoyi. Kai ka fito mana," ta faɗa tana murmushi.

Sharfaddeen bai fito ba. Gilashin kawai ya ƙara saukewa, ya miƙo mata wayarsa.

"Hajiya ta gani."

Bidiyonta ne. Ga ta nan a duƙe tana zaro ledoji daga cikin ƙazanta, ƙudaje na bin mayafinta. A ƙasa an rubuta: Ga amaryar bola nan tafe, kowa ya tanadi turare!

Nan take ta gane wadda ta ɗauka.

Su'ad!

'Yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, jami'arsu ɗaya. Ita ce ta biyo su nan makon jiya tana "Anti Bilkis, aikinku yana burge ni." Ashe zauren WhatsApp na danginsu take tara wa abin dariya.

"Hajiya ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai tonon juji ba," ya ce, idonsa na kan sitiyari. "Na roƙe ta, wallahi na roƙe ta! Ta ce sai dai ki bar karatun. Zan buɗe miki shago a GRA, atamfa, turare, duk abin da kike so..."

"Ina dab da gamawa fa!"

"Na sani."

"Sharfaddeen, kana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Fiddausi."

Ya runtse ido.

Fiddausi ƙanwarta ce, ita ke bi mata. Shekarar da Bilkis za ta shiga jami'a ledoji suka toshe kwatocin unguwarsu Shamaki, ruwan sama ya juyo cikin gidaje har ya cika rijiyoyi. Amai da gudawa ya biyo baya. Yarinyar da ta wuni tana yi wa Bilkis kitso ba ta ga Juma'ar gaba ba. A zaman makokin ne Sharfaddeen da bakinsa ya ce mata, "Akwai masu karantar maganin wannan abin, me zai hana ki zama cikinsu?"

"Kai ka nuna min hanyar nan," ta ce. "Yau kuma kai ne kake jin warinta?"

"Ba zan iya saɓa wa mahaifiyata ba, Bilkis!"

"Ban ce ka saɓa mata ba. Cewa na yi ka fito daga mota..."

Ta ga hannunsa ya kai ga murfin motar. Ta ga ya tsaya.

Sai gilashin ya fara tashi a hankali.

Sati bai zagayo ba manyansa suka zo Shamaki. Mahaifinta Malam Sallau bai ja maganar ba, ya sa aka fito musu da kayan sa-rana cif, ya raka su har bakin zaure. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Uwata, gobe kina da makaranta?"

"Ina da ita, Baba."

"To ki je."

Ta je. Tana kuka a Keke tun daga Shamaki, ta share fuska a bakin aji, haka har ta kare bincikenta gaban malamai. Suka yaba, suka ɗora ta kan wani shiri na sashensu: karɓo robobin ruwa daga ɗakunan taron biki, a wanke, a niƙa, a sayar wa masu sarrafawa.

Labarin ɗaurin aurensa da Su'ad a bakin mutane ta ji. Ba ta tambayi rana ba, ba ta tambayi wuri ba.

Wata Litinin aka sauke musu buhunan ƙarshen mako. Abokiyar aikinta Eucharia ta kwance na farko, ta leƙa, ta yi saurin ƙulle bakinsa.

"Bilkis, bar min wannan. Je ki huta."

"Mene ne a ciki?"

"Ba komai... don Allah ki bari."

Bilkis ta janye hannun ƙawarta, ta zazzage buhun.

Robobi suka watse a gabanta, kowace da sitika a jiki. Ga hoton Sharfaddeen nan cikin farar shadda, yana irin murmushin nan da ya saba yi mata idan ta fito zance a makare. Su'ad ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk inda ta juya, fuskarsa ce.

"Innalillahi..." ita ce kawai ta fita daga bakinta.

Eucharia ta rungume ta. "Ki yi kuka, 'yar'uwa. Ba kowa a nan."

Ta yi, har mayafinta ya jiƙe. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki roba ɗaya.

"Me za ki yi kuma?"

"Inji ba ya karɓar roba da takarda a jiki, Eucharia. Sai an ɓare."

Ta sa farce a gefen sitikar, ta ja a hankali don kar fuskarsa ta yage.

Har aka kira la'asar tana ɓarewa, kuma ko ɗaya ba ta bari ta yage ba.